Baba Bishop da Waƙoƙin da Ban Rubuta Ba

Duk wanda ya taɓa hawa mumbari a cocinmu na Suleja alhali Baba Bishop yana zaune, ya san agogon nan. Koren agogon tebur ne mai ƙararrawa biyu a ka kamar kunnuwan ɓera. A aljihun rigarsa yake shigo da shi. Da mai wa'azi ya buɗe Littafi, sai ka ji Baba yana murɗa wa agogon kunne a kujerarsa ta gefen bagadi. Minti ashirin ne rabonka. Idan ƙararrawa ta kaɗa, ko kana tsakiyar Bahar Maliya da Isra'ilawa, nan za ka bar su.

Wata Lahadi wani saurayin Rabaran ya zo mana daga kudu, yana wa'azi da Turanci ana fassarawa. Ya ce yana da darussa bakwai. Yana kan na biyu agogo ya yi ƙara. Ya juyo yana share gumi, ya ce, "Baba, saura biyar."

Baba ya ce, "Ajiye su, ɗana, ba sa ruɓewa. Matan nan tun da asuba suka tako daga Maje. Allah kuwa ba kurma ba ne, tun na farko ya ji ka."

Ni ce Rifkatu, 'yar ƙaninsa. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, don haka a gidan Baba na tashi, hannun matarsa Mama Saratu. Jikokinsa ne suka matsa mini in rubuta abin da na tuna, wai ni ce na fi kowa sanin abin dariyarsa. Na sani kam. Amma akwai wanda ba na dariya ba, kuma shi ma zan faɗa.

A wani ƙauye bayan Diko aka haife shi. Awaki yake kiwo har gemu ya fara tsiro masa kafin ya ga allon makaranta. Daga nan ya yi malamin makaranta, ya yi katikis mai koyar da addini, aka naɗa shi fasto, ya zaga garuruwan Arewa da iyali da akwatin littattafai, har mu 'yan Angilikan muka wayi gari an mai da shi bishop mai taimako. Ranar naɗin an kawo masa sanda daga Ingila, mai kan tagulla, a cikin dogon akwati. Sau ɗaya ya riƙe ta. Bayan nan sai ya koma wa wata lanƙwasasshiyar sanda da ya saya wurin wani Bafulatani. Da ita yake shiga coci ranar ɗora wa matasa hannu don tabbatar da su cikin bangaskiya, da ita kuma yake kaɗo mangwaro da yamma. Mama ta yi magana har ta gaji. Amsarsa guda ce: "Saratu, na yi kiwo. Ban taɓa ganin tunkiyar da ta san tagulla ba."

Da idanunsa suka fara rauni, bayan an gama yaƙin basasa, ya ajiye aiki. An ba shi gida a Kaduna ya ƙi. Ya ce can wa zai kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa? Ya dawo nan, lokacin ma sunan garin Abuja, ya zauna a bakin unguwar Wambai cikin Musulmi, katangarsa ɗaya da wani direba, Malam Habu.

'Yan kasuwar cocinmu, Yarabawa da Ibo waɗanda suka dawo bayan yaƙi, suka ga bai dace bishop ya riƙa yawo a tsohon keke ba. Suka haɗa kai suka saya masa mota. Ya yi godiya, ya zaga ta, ya ɗora mata hannu ya yi addu'a. Suna fita ya miƙa wa Malam Habu mukulli, ya ce duk macen da naƙuda ta kama a unguwar nan, Musulma ko Kirista, a kai ta asibiti. Daga masu naƙuda aka koma marasa lafiya, daga marasa lafiya aka koma doyar manoman Maje ranar kasuwa. Ranar da 'yan kasuwar suka zo kawo ƙorafi, bunsuru suka tarar ɗaure a kujerar baya yana cin abin shimfiɗa.

Babbansu ya ce, "Baba, don mutuncinka muka saya."

Ya ce, "Mutuncina yana hawa keke tun ba a haife ku ba, kuma bai taɓa faɗuwa ba."

To, wannan dai Baba ya ƙara gishiri. Sau biyu ya faɗi a gangaren kasuwa, ni na wanke rigar. In ka ce masa ba ya gani sosai, sai ya ce ai keken ya san hanya.

Da aka yi shelar za a gina sabon birnin tarayya a maƙwabtanmu, sai ofisoshi suka cika garin nan. Na samu aikin buga tafireta a ɗaya daga ciki. Na sayi takalmi mai tsini, na koyi yadda ake amsa waya da Turancin hanci. Gaskiya kaina ya kumbura.

Wata ranar Talata ina cikin aiki na ji hayaniya a ƙofa. Na leƙa ta taga sai ga Baba riƙe da kekensa, da takalmin taya a ƙafa, da rigar nan tasa mai ruwan shanshanbale wadda ta koɗe har ta koma kalar kunun kanwa. Abincin rana Mama ta ba shi ya kawo mini, don na manta shi a gida. Maigadi ya hana shi shiga. Shugaban ofis ɗinmu, wani injiniya mai kwat, ya fito daidai lokacin, ya tambaye ni ko na san mutumin.

Na ce, "Wani tsoho ne daga unguwarmu."

Baba ya ji. Idonsa ne ya mutu, ba kunnensa ba.

Injiniya ya matsa kusa, ya ƙura masa ido, sai kawai na ga mutum da kwat ɗinsa ya durƙusa a ƙasa. Ashe Baba ne ya koyar da shi a firamare, shi ne kuma ya ɗora masa hannu daga baya. Ya juyo gare ni da faɗa: "Kin san ko wane ne wannan?"

Baba ya ce, "Ƙyale ta, gaskiya ta faɗa. Ni tsoho ne, kuma daga unguwarsu nake." Ya miƙo mini kwanon, ya ce, "Yarinya, in kin ga 'yata Rifkatu a ciki, ki ba ta. Miyar ta fara hucewa."

Ma'aikata suka yi ta dariya. Ni kuwa na koma ciki da kwanon, ban ci ba. Na koma gida ina jiran faɗa, bai ce uffan ba, ranar ko wata rana. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ni ma ban ba shi haƙuri ba. Kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Baba yana shirya waƙoƙin sujada da yarenmu na Gbagyi. A coci da Hausa da Turanci muke waƙa, tsofaffin matan ƙauye kuwa baki kawai suke motsawa. Sai ya riƙa ɗaukar muryoyin da mata ke yi wurin niƙa da wurin noma, yana ɗora musu Zabura. Wasu dattawan coci suka ce ai ɗaya daga cikin muryoyin ta gidan burkutu ce. Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nake so ta tuba."

Duk a kansa suke, don ba ya iya ganin rubutu. Ran nan ya ce da ni, "Rifkatu, yatsun nan naki da suke yi wa gwamnati aiki kwana biyar, ki ara wa Allah ranar Asabar."

Na ce to. Na aro tafireta na kawo gida. Asabar ta farko Mama ta fitar mana da tebur gindin mangwaro, Baba ya gyara zama ya fara rerawa. Ku da kuka san muryarsa kun san kamar ƙofar kwano ce da ta yi tsatsa. Na yi ta ƙunshe dariya. Ga shi kuma yarenmu yana da sautukan da ban san yadda zan buga su ba. Na yi rabin waƙa guda na ce kaina yana ciwo, sai mako mai zuwa.

Mako mai zuwa akwai bikin wata ƙawata. Na gaba an ce mu zo ofis. Na bayansa wanda zai aure ni ya zo daga Minna. Kowace Asabar Baba zai sa a fitar da teburin, ya zauna da sandarsa a cinya. In na fito da kwalliya zan wuce, sai in ce, "Baba, mako mai zuwa in Allah ya yarda."

Wata rana ya ce, "Wai mako mai zuwan nan naki a wace mota zai shigo? Ki faɗa mini in aiki Malam Habu ya ɗauko shi a tasha."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Na wuce abina.

Da damina ya rasu, ranar Laraba, bayan ya ci abincin rana, yana zaune a kujerarsa. Ina ofis. Malam Habu ne ya zo ya ɗauke ni.

A ƙauyensu bayan Diko aka binne shi. Manya sun zo daga ko'ina da manyan riguna. Da aka sauke akwati, wasu tsofaffin mata can baya, waɗanda ba wanda ya sa su cikin tsarin taro, suka ɗauki waƙa da yarenmu. Tasa ce. Ashe yana zuwa ƙauyuka a kekensa yana koya musu. Suka gama ɗaya suka kama wata, suka gama suka kama wata. A bakinsu na fara jin abin da ya yi ta rera mini ina dariya. Na tsaya ina kuka, ba takarda ba biro a hannuna. Na ce a raina in an gama zaman makoki zan dawo in rubuta.

Sai aure, sai haihuwa, sai canjin wurin aiki. Shekaru da yawa suka wuce kafin in koma da rediyo mai kaset. Mutum ɗaya na tarar cikin matan nan, Kaka Laraba, ta tsufa tukuf. Na zauna kusa da ita a tabarma na roƙe ta ta rera mini. Ta rufe ido, ta yi ta gunjin muryar a hanci tana kaɗa kai. Kalmomin sun tafi. Na tambaye ta ko sun koya wa 'ya'yansu.

Ta ce, "A'a, 'yar nan. Ai Bishop ya ce kada mu damu, yana da 'ya a birni mai injin rubutu, tana nan tana rubutawa duka."

Ba ta gane ni ba. Ni kuma ban faɗa mata ba.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka hutawa cikin salamarka, shi da Mama Saratu, da matan nan da suka raka shi da waƙa. Ka yi wa Malam Habu da zuriyarsa albarka. Ni kuma ka gafarta mini, don shi na san ya yafe tun kafin in roƙa. Amin.