Sikirin Ɗin da Ba Don Ita Aka Ɗaura Ba

Kafin a buɗe manyan shagunan da ke layin, Baba Mai Noti ya riga ya shimfiɗa tsohon tawul a teburinsa na ƙarƙashin matattakala, ya jona ƙarfen dalma, ya jera notuka a murfin gwangwani. Daga nan sai ya bi shago shago yana tambayar abin da ba mai tambaya: kwamfutar tafi-da-gidanka wadda sikirin ɗinta ya fashe.

Dariya suke yi masa. "Baba, yau ma bola aka zo kwasa?" Sai ya murmusa ya biya.

Ba su taɓa tambayarsa me yake yi da su ba, kuma wannan yana ba ni haushi har yau. Sikirin shi ne abu mafi tsada a jikin tsohuwar kwamfuta, makaho kuwa ba ya bukatarsa. Baba kan cire fasasshen gaba ɗaya, ya ƙara batir daga wata, lasifika daga wata, sannan ya ɗora manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, mai karanta rubutu da murya. Ya ɗiga dalma a kan maɓallai biyu don yatsa ya gane gida. Da kuɗin da bai kai na takalmi mai kyau ba, mai lalurar gani ya samu kwamfuta.

'Yar telan da ke maƙwabtaka da shi makauniya ce, kuma da irin wannan ta yi karatunta har zuwa jarrabawar ƙarshe ta zama malama. Ranar jarrabawa, mai sa ido ya tare ta a ƙofa.

"Ina sikirin? Ni ta yaya zan ga abin da kike rubutawa? Wannan ai rabin kwamfuta ce."

Ta ce ya saurara da kunnensa. Ya ce shi ba a ɗauke shi aikin sauraro ba. Ku duba rashin ta-ido, jama'a. Yarinya ta yi shekaru tana fama, a ce za a mayar da ita gida saboda gilashin da ba za ta taɓa gani ba. Idan aka rufe ƙofar nan, sai wata shekara, kuma uban ba shi da halin sake biya.

Tela, wanda shi ya rako ta, ya kira Baba a waya. Baba ya dubi teburinsa: ba sikirin mai lafiya ko ɗaya sai na tasa kwamfutar, wadda da ita yake cin abinci. Ya kwance shi, ya hau babur. A kan dakalin ƙofar ɗakin jarrabawa ya durƙusa ya ɗaura, gumi na ɗiga a kan maɓallai.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe, naka ne," ya ce wa mai sa ido. "'Yata, shiga ki rubuta."

Ta ci. Ranar da aka yi bikin ba da takardu, an gode wa kowa har da mai hayar kujeru. Ba a ambaci Baba ba.

Kai ne mai ɗinke abin da aka yar, Baba. Kai ne ka san cewa arha ba wulaƙanci ba ce.

Yanzu hayaƙin dalma da ƙananan notuka sun cinye masa ido. Watan jiya ya naɗe tawul ɗinsa, kuma cikin masu shagunan ba wanda ya sauko ya yi masa sallama. Mun gode, Baba, ko da su ba su gode ba. Masu wannan sana'a kuwa, kafin ku jefa fasasshiyar kwamfuta a kwandon shara, ku tuna akwai mai jiranta.

Shekaranjiya na same shi a gida, malamar na zaune kusa da shi, tsohuwar kwamfutarta a cinyarsa. Ya matso da fuska yana ƙoƙarin leƙen sikirin. Ta lalubo hannunsa ta ɗora yatsunsa a kan ɗigon dalmar nan biyu.

"Baba, bar kallonsa, ai ba namu ba ne. Saurara kawai."