Ƙafar Tsohon Soja a Bakin Ƙofa

Kakana tsohon soja ne, kamar rabin tsofaffin unguwarmu a Zuru. Ni tun ina rarrafe yake kirana kurtu, har na yi gemu bai ƙara mani girma ba. Da tsufa ya kama shi, hannunsa na dama ya soma rawa, tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne bakin ƙofa. Zai taso daga ɗaki lafiya lau, yana isowa ƙofa sai ƙafafun su kafe kamar an zuba masu siminti. Ya yi ta jijjiga a wuri ɗaya, gumi na tsatso masa, ba gaba ba baya.

Kakata ta ce ai magana a fili take, an yi binne a wurin. Kawuna ya kawo diga ya haƙe bakin ƙofar har gwiwa. Abin da aka samu, murfin kwalba da wani tsohon cokali. Aka cike ramin, washegari tsoho ya sake kafewa, wannan karon a ƙofar zaure.

"To, nan ma ku haƙa," ya ce. "Ku mai da mani gida gonar rogo."

Da aka kai shi asibiti, likita ya rubuta mana sunan ciwon a takarda, ya ba da magani, ya ce daga ƙwaƙwalwa ne. Ni a lokacin na gama sakandare, ina taya kawuna cajin waya a shago. Na ɗauki takardar nan na shiga bincike a wayata. Turancina ba wani mai ƙarfi ba ne, sai in kalli bidiyo ɗaya sau biyar kafin in kama zaren. Amma da na kama, abin ya hana ni sakat.

Ashe ƙwaƙwalwa ba dunƙule ɗaya ba ce mai magana da murya ɗaya. Ƙwayoyin jijiya ne birjik, kowace na miƙa wa ta gaba saƙo da ɗan tartsatsin lantarki da ɗigon sinadari, amma kowane sashe da irin maganarsa. Na can ƙeya, masu daidaita motsi, wasunsu ba sa hutawa, bugu suke yi da sauri kamar mai kalangu. Na saman kai da yawansu shiru suke, sai abin da ya shafe su ya zo su tanka. Can ciki kuma akwai wasu da aikinsu tsaron ƙofa, kullum cewa suke "dakata", sai an ba su izini su saki motsi. Izinin yana tafiya ne da wani sinadari, dofamin, kuma shi ba bugu yake yi ba, tsatsowa yake ya jiƙa wurin kamar ruwa a fangalin lambu. Ƙwayoyin da ke yin sa ne ke mutuwa a kan kakana.

Na zo gida na zazzage masu wannan duka a kan tuwo. Kakata ta ce mani, "Maigida, ci abincinka, likitan caji." Tsoho kuwa ya tambaye ni abu ɗaya: in mai tsaron ƙofar ya yi barci, babu wata hanya ta baya?

Akwai. Na taɓa gani an ce in umarnin ya zo daga waje, ta kunne, da kiɗa ko ƙirga, yana bin wata hanyar dabam wadda ciwon bai cinye ba. Da safe da ya kafe, na tsaya a gefensa na ce, "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu." Ko gezau. Ya harare ni.

"Wa ya koya maka ba da oda kamar mai tallan ƙosai? Daga ciki ake fito da ita. Lef, rai."

Na cika ƙirji na buga masa. A na uku ƙafar hagu ta ɗaga, ta sauka a waje, ta dama ta bi. Ya ratsa tsakar gida da dogon taku, hannu na lilo, kaji na watsewa. Kakata tana riƙe da ludayi ta zauna a kan turmi.

Ba kullum abin ke ci ba. Wata rana sai ya ƙi, musamman in akwai mutane suna kallo. Shi ya sa ya daina fita. Coci ma ya bari, domin an taɓa ɗaukar sa cak aka shigar da shi, kuma ya ce shi ba buhun dawa ba ne.

Ana nan sai wani abokinsa na unguwar Rikoto ya rasu. Tare suka yi golmo, noman da samari ke yi wa gidan surukai, tare suka shiga soja. Tsoho ya sa aka goge masa tsohuwar hularsa. Ya ce zai je ya sara wa mutuminsa, kuma da ƙafarsa zai shiga, duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Kwana biyu muna fareti a tsakar gida, ni da shi.

Keke napep ya sauke mu gab da cocin. Ya taka lafiya har matakala, ya hau. A bakin ƙofa ya tsaya cik. Ciki cike da mutane, akwatin na can gaba, ana jiran a fara. Na ga kawuna ya matso yana naɗe hannun riga.

Ni kuma bakina ya mutu. Ta yaya zan kwarara ihun fareti a gidan makoki? Na sunkuya kusa da kunnensa na raɗa, "Lef, rai." Bai motsa ba.

"Kurtu," ya ce ba tare da ya juyo ba, "in kunya kake ji, ni na fi ka jin ta. Ba da oda."

Na rufe ido na buga. Muryata ta fashe a tsakiya, mutane duka suka juyo. Na sake bugawa. Sai na ji wani ƙwas, ƙwas daga bencin gaba. Wani tsoho mai lambobi a ƙirji ne ke buga sandarsa a ƙasa daidai da ƙirgata. Na kusa da shi ya kama, sai na bayansu, masu sanda da masu takalmi, har ban ƙara jin muryata ba.

Ƙafar hagu ta ɗaga. Ya bi tsakiyar cocin a miƙe, ina biye da shi a baya kamar jela, har gaban akwatin. Sandunan suka yi shiru, ya tsaya. Ya ɗaga hannun nan mai rawa ya kai goshi, kuma muddin yana sama bai yi rawa ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya faɗi wata magana da yarenmu na C'lela, ƙasa-ƙasa, wadda ban ji ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba har ya bar duniya.

Da ya sauke hannu, tsofaffin suka matsa suka ba shi wuri a bencinsu. Na juya zan koma baya wurin samari, ya kama mani riga.

"Ina za ka? Zauna nan. Wa zai fitar da ni?"