Baƙon da Ba Ya Aro

Ni wanzami ne, ubana ma wanzami, kuma a unguwarmu ta yammacin Kara babu kan namijin da bai bi ta ƙarƙashin askata ba sai na mutum ɗaya. Hammadu ke nan, Bafulatanin da ya kafa bukka a bakin gonar Malam Datti. Matarsa Furera ce take yi masa aski da wata tsohuwar wuƙa, ka gan shi ran Juma'a kai duk tabo. Abin yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba.

Daga ƙasar da Faransawa ke mulki ya zo, can arewa da Katsina. Ciwo ya shiga garkensu ya share, sannan aka fara kamen maza zuwa aikin tilas, ya ga zama bai kama shi ba. Ya tsallako da mata da jaki da wasu shanu biyu da suka zama ƙashi da rai. Malam Datti, limamin unguwarmu, shi ya sauke shi, ya ara masa gona. A lokacin Hammadu ko riƙon fartanya bai iya ba. Shekarar farko ya shuka gyaɗa da zurfi kamar mai binne dukiya, rabinta ba ta fito ba. Bai tambayi kowa ba. Sai ya riƙa tsayawa daga nesa yana kallon yadda ake yi, har ya iya, har ma gonarsa ta fi ta wasu 'yan gado kyau saboda takin shanu.

Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. In an kira gayya, wato an tara maƙwabta su taya wani aikin gona, shi ne na farkon zuwa, ya yi aikin mutum biyu. Amma da an sauke fura da tuwo sai a neme shi a rasa. In aka aika gidansa da kwanon abinci, kwanon zai dawo cike da man shanun da ya fi abincin daraja. Furera kuwa wutar murhunta ba ta mutuwa, mata suna cewa ba ta taɓa shiga gidan kowa ɗiban wuta ko aron rariya ba. Shi a ganinsa haka baƙon kirki yake zama, kada ya ɗora wa masu gari nauyin ko tsinke. Da wannan kunya aka raine shi, ita ce fulakun da Fulani suke ji da ita.

Bayan babban yaƙin Turawa gyaɗa ta yi daraja. Motoci suka fara zuwa Gwarzo da Kabo suna kwasar buhuna, kowa ya tuna kakansa yana da gona. 'Ya'yan Malam Datti sun girma sun yi iyali, suka ce wa ubansu suna son gonar nan ta aro. Malam ya ji nauyi, amma gaskiyarsu ce. Akwai sauran wani daji a kudu da dagaci ya ce zai raba a sare, sai dai na 'yan gari ne kaɗai, ban da baƙi da 'yan cin rani. In Hammadu bai samu ba, sai dai ya ɗora wa jaki kaya. Baya babu wurin komawa, ga Furera da ciki bayan ta daɗe tana jira.

Ya sayi goro, ya sa wankakkiyar riga, mai unguwa ya kai shi gaban dagaci. Ina wurin, don ranar nake yi wa dagacin gyaran fuska. Bayan an gama gaisuwa Hammadu ya ce, "Ranka ya daɗe, so nake a sa ni cikin mutanenka. In biya haraji a nan kamar kowa, in mutu a nan."

Dagaci ya dubi dattawa. "Yana da wani laifi?"

Suka ce ko kusa.

"To wa zai tsaya masa?"

Malam Datti ya daɗe yana jan carbi kafin ya yi magana. "Ranka ya daɗe, ni na sauke shi, ban taɓa ganin aibinsa ba. Amma in aka ce in rantse zai zauna, ba zan iya ba. Bai taɓa cin tuwona ba, bai taɓa aron ko igiya a gidana ba. Mutumin da ba ya bukatar kowa, ranar da ya ga dama sai a wayi gari a ga toka a inda bukkarsa take. Mun sha gani."

Na kalli Hammadu, ya yi tsuru-tsuru. Abin da ya yi shekaru yana kiyayewa, yana zaton shi ne zai tsaya masa, shi ne aka kayar da shi da shi. Na ji tausayinsa ƙwarai, duk da haushin askin. Dagaci ya karɓi goro, ya ce a bar maganar sai bayan kaka.

A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Duk manomin gyaɗa ya san abin da ke biyo baya: in ƙasa ta ƙame kafin ka cire, ganye ne zai biyo hannunka, 'ya'yan su yi zamansu a ciki. Kowa ya kira gayya ya cire tasa. Hammadu ya je ta kowa, tasa tana can tana jira. Na same shi a gona shi kaɗai yana fama.

Na ce, "Wai kai wane irin mutum ne? Ka kira mutane mana."

"Kowa da aikinsa, Wanzam."

"Aikinsu ya ƙare, da hannunka ka taya su. Jira suke ka buɗe baki. Ka san abin da ake cewa? Wai ka raina mu."

Ya miƙe a hankali. "Ni na raina ku?"

Ban ƙara ba, na kama hanya na bar shi da ita.

Washegari bayan la'asar ya zo zauren Malam Datti, muna zaune. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi lafiyar awaki, ya dawo kan gajiya. Malam ya gane sarai, amma ya ƙi taimakonsa, yana ta amsa masa lafiya lau. Gumi ya jiƙa wa Hammadu wuyan riga. Sai da rana ta kusa faɗuwa, kansa a sunkuye, ya ce, "Malam, gyaɗata. Ƙasa ta fi ƙarfina. A taimake ni."

Malam Datti ya ce, "Madalla. Yau ka zo gidana."

Gayyar ta cika har da waɗanda ba a gaya wa ba. Tukwanen Furera ba su isa ba, dole ta shiga gidan Malam aro, Uwaliya matar Malam ta ba ta babbar tukunyarta tana tsokanarta wai ashe ta san hanya. Da aka sauke tuwo Hammadu ya fara zamewa bayan bishiyar ɗorawa, maza biyu suka riƙe masa riga suka zaunar da shi. Ya ci kamar mai haɗiyar magani. Bayan kaka aka koma gaban dagaci, Malam Datti ya ce yanzu zai iya rantsewa, aka yanka wa Hammadu nasa dajin.

A nan ya gina ɗakin ƙasa, a nan ya tsufa, a nan aka binne shi. Roƙo dai bai taɓa zama masa da sauƙi ba, ko aron garma ya zo sai ya yi gaisuwar da za ta isa biki. Kan nasa kuma har ya mutu Furera ce take fama da shi.

Amma ranar sunan 'yarsa ta fari, Raliya, ni ya kira. Da na gama yi wa jaririyar aski na tambaye shi, kamar yadda nake tambayar kowane uba, wane zane za a yi mata. Sai a lokacin na kalli nasa sosai, wasu siraran layuka a gefen ido, irin na mutanensu. Duk ƙasarmu babu mai irinsu sai shi. Ya kai hannu yana shafa su, ni kuwa na ji zuciyata ta yi nauyi don na san abin da na tambaya.

Ya ce, "Yi mata irin na jikokin Malam."

Na yi mata. Har na wanke aska na mayar cikin zabira hannunsa bai bar fuskarsa ba.