Mai Zarton Ƙarshen Gareji

Ni na fara ganinsa kafin kowa. Masu cika baki yau cewa sun san Mai Zarto, a lokacin ko wando ba su iya ɗaurawa ba. Shekara talatin da takwas ke nan, ina direban motar kaya, na ga wani siririn mutum yana kafa rumfar kwano a ƙarshen garejinmu. Na ce wa abokaina hannun nan ba na banza ba ne. Suka yi dariya. Yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa yanzu, ni ina nan.

Har yau bai sauya ba. Da hantsi zai buɗe rumfa, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya jera zartunansa a kan buhu, ya soke guntun alli a bayan kunne. Aikinsa yankan ƙarfe: rodi, bututu, tsohuwar bodin mota. Amma in mota ta kife a babban titi, ƙarfe ya danne mutum, wurinsa ake sheƙowa da gudu.

Ban yi makaranta ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma abin da zan faɗa a jikina ya faru. Taya ta fashe min a gangara, motar ta afka rami, ƙofa da sitiyari suka matse min ƙafar dama. Fetur na tsiyaya. Jama'a suka taru, wani ya ce a sare ƙafar a ceci ran, wani mai walda ya kunno wutarsa.

"Kashe abin nan!" in ji Mai Zarto, isowarsa ke nan. "So kake ka gasa mana shi?"

Bai taɓa zarto ba tukuna. Ya yi ta shafa ƙarfen da tafin hannu, yana neman inda nauyi ya kwanta, don in ka yanka nan, motar ce za ta rufta kan mutum. Sai da ya gane, ya ja layi uku da alli, ya sa aka tokare da katako, sannan ya fara.

"Yaya Direba, rage ihu, kana sa hannuna rawa."

Na ce, "Kai da ba ƙafarka ba ce!"

"Yo ba kullum kake ce mana kai namiji ne ba? Yau dai ga ranar."

Daga azahar har bayan la'asar yana gurza. Bakin zarto huɗu suka karye, fatar tafin hannunsa ta ɗaye. Na fito da ƙafata, da ita na ƙara shekara ashirin ina tuƙi.

Mai Zarto, kai ne mai haƙurin da babu shi a garejin nan. Kai ne ka fito da matar mai faci daga ƙarƙashin bas, tana da ciki wata bakwai. Kai ne ka zaro mahaifin shugaban garejinmu na yanzu daga cikin tifa, a gaban idona. Mutum goma sha tara na ƙirga, ban da waɗanda ina kan hanya aka yi.

To, ku ji sakayya. Shugaban nan ya tara 'yan kwamitinsa, wai idon tsoho ya yi rauni, ya je gida ya huta. Ranar Asabar za a kwashe masa kaya, a bai wa mai sayar da taya rumfar. Idon da tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe suka cinye wajen ceton ubanninku! Na je na sami Mai Zarto a kan maganar, na tarar yana naɗe zartuna a buhu.

"Bar su, Yaya," ya ce. "Ƙasar ai ba tawa ba ce."

Shi zai bari, ni ba zan bari ba. Na gode, ƙanena, Allah ya saka maka, tunda mutane sun kasa. Ku kuma matasan gareji, ku je ku zauna kusa da shi ku koyi inda ake jan layi, kafin hannun nan ya tafi da abin da ya sani.

Ranar Asabar da sassafe zan kai bencina ƙofar rumfar in zauna. Wanda yake ganin surutun tsufa ne kawai nake yi, ya zo ya ɗaga ni.