Kwalbar da Kawu Albano Ya Ɓoye a Katanga

Kafin rana ta leƙo kogin Douro, Kawu Albano Meireles ya riga kowa hawa tudu, guduma a kafaɗa, burodin masara da zaitun a aljihu. Ba inabi yake dubawa ba. Katangu yake bi, jerin duwatsun nan marasa siminti da suke riƙe da gonar Dona Ermelinda hawa-hawa, don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar zuwa kogi. Yakan shafa su da tafin hannu, inda ya ji dutse ya turo sai ya tsaya. Haka yake yi tun yana saurayi.

A hawan ƙarshe ne tsofaffin itatuwan inabin da kakan Dona ya dasa suke. Daga gare su kaɗai ake yin jar giyar ajiya ta gidan, wadda sai ta yi shekaru a ganga kafin a zuba ta a kwalba. Takardar jikin kwalbar tana ɗauke da sunan iyali da na tudu. Sunan mai riƙe da tudun bai taɓa hawa kanta ba.

A wani hunturu, lokacin da ake ruwan sama a kwarin nan, ruwa ya yi yawa, katangar sama ta zube, saiwoyin tsofaffin itatuwan suka fito fili. Gaspar, ɗan Dona, ya kawo shawarar a kira motar tura ƙasa, a baje wurin, a dasa sababbi. Ba rashin ƙauna ba ne, tausayin tsohon yake ji.

"Kawu, gwiwoyin nan naka sun gama aiki."

"Da naka zan hau? Kawo mini buhuna, ka jiƙa su."

"In ka gangaro fa?"

"Sai ka huta da ciyar da ni."

Matan da ke datse rassa sun shaida abin da ya biyo baya. Ya lulluɓe saiwoyin da jiƙaƙƙun buhuna, ya riƙa tsinto duwatsun daga laka ɗaya-ɗaya yana mayarwa, wani lokaci a durƙushe don tsayuwa ta gagare shi. Kafin itatuwan su yi toho, katanga ta miƙe. Ko ɗaya bai mutu ba.

Kai ne, Kawu, wanda aikinsa ba ya ganuwa sai ranar da aka rasa shi. Mu da muka tafi birni neman ilimi mukan ga kwalbar nan a kan teburin manya mu yi alfahari da ƙauyenmu, amma ba mu taɓa tambayar hannun wa ya hana ƙauyen zamewa ba. Wannan yana damuna.

Bana aka fitar da giyar waccan shekara, bana kuma Kawu Albano ya ajiye aiki. Dona ta miƙa masa kwalbar farko.

"Ga taka, tsoho mai taurin kai. Likita ya hana ka, amma ko shinshinawa ka yi."

Bai buɗe ba. Ya ɗingisa har hawan ƙarshe, Dona da Gaspar suna biye da shi, ya zare dutse guda daga katanga, ya cusa kwalbar can ciki, ya mayar da dutsen.

"Nan ne katangar za ta fara kumbura. Wanda ya zo gyara, ladansa ke nan."

Gaspar ya ce, "In ba wanda ya zo fa?"

"To, ta tafi kogi tare da gonar kakanku."

Mun gode, Kawu Albano. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwa, ya ba ka tsawon ran ganin magajinka. Ku kuma samarin kwarin nan, ku je ku same shi tun yana iya nuna muku yadda dutse ke zama kan dutse. Gudumarsa ba ta koma gida ba. Ya jingine ta a gindin katangar, tana nan har yanzu.