Karatu a Aljihuna

Shekarar da 'yata za ta yi jarabawar birbe, ta gama ƙaramar sakandare, na tafi cin rani Kano da waya ɗaya tilo da muke da ita a gida. Ashe mushensu, wato malaminsu, ya rage rubutu a allo, hoton darasi yake tura wa 'yan aji. Ina tsakar dako a kasuwa lissafi yake faɗo mini a waya, ni da aka kora daga lakwal tun aji biyar. Da ta kira ni da wayar maƙwabta, ta ce, "Baba, karatuna fa yana aljihunka." Washegari na ba direban motar Matamaye wayar ya kai mata gida. Ta ci jarabawar, alhamdulillahi. Ni kuwa sauran ranin nan, da furfurata, sai na roƙi aron waya kafin in gaida uwata.