Ranar da Baba Ya Ɗanɗana Naman Gwangwani

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, kuma yana da wani alfahari da ya ishi kowa. Wai in ya sa tsoka a baki zai gaya maka ko sa ne ko saniya, shekarunta nawa, a fadamar Bakura ta yi kiwo ko a dajin Maradun. Abin haushin, yawanci yakan dace. Ni kuwa na guje wa fawa na tafi Legas aikin ofis, abin da ya daɗe yana ci masa rai.

Da na zo hutun farko na yo masa tsarabar naman gwangwani, don kawai in burge. Na same shi a rumfa ranar kasuwa. Ko gaisuwa ban bari ta ƙare ba na dire gwangwanin a tebur, na shiga zuba kamar rediyo: da irinsa aka ciyar da sojoji a yaƙin duniya, yau da wuya ka sami ƙasar da ba a cin sa, har mutanen tsibiran tsakiyar teku sun mai da shi abin marmari, kuma yana shekara bai lalace ba. Duk a bakin abokan aiki na tsinto, amma na faɗa kamar a gabana aka yi.

Baba ya juya shi ya ce, "Wa yay yanka?"

Na nuna masa hatimin halal da rubutun Larabci. Kafin ya ce wani abu, taubashinsa, mahaucin rumfar kusa, ya miƙe yana tafi.

"Jama'a ku taho! Yau muna ganin ƙarshen ƙarya. Shi ɗanɗana shi hwaɗa muna ko saniyar Dakko Bahillace ta."

Nan da nan mahauta suka bar teburansu, har masu saye suka biyo su. Na zo burgewa, ga shi zan tozarta ubana a gaban abokan sana'arsa.

Ɗan makullin da ake buɗe gwangwanin da shi ya karye a hannuna, aka sheƙe da dariya. Baba ya karɓa ya farke shi da wuƙar fawa. Abin ya zazzago curi guda, ja, mai siffar sabulun wanki. Ya sansana, ya mutsuttsuka da yatsa, ya yi bisimilla ya kai baki. Ya yi ta tauna abin da ba ya bukatar tauna, idonsa a rufe.

Can ya ce, "Wanga ba saniya guda ta ba. Garke na anka haɗa. Akwai tsohon sa ciki, akwai karsana, kuma ciyawar da sunka ci ba ta ƙasag ga ba ta. Gishirin ko, mai zuba shi ba ya da tausai."

Taubashin ya nuna hoton jikin gwangwanin. "Ga saniya nan guda tak! Kai ɗan boko, karanta muna abin da anka rubuta."

Na ɗaga gwangwanin. Bayanin da aka rubuta a jiki bai wuce nama, gishiri, sukari da ranar lalacewa ba. Na gyara murya na rero su da Turancin Legas, har da adireshin kamfani, sannan na fassara: garke ne guda, da tsohon sa, da karsana, ciyawar ƙasar waje. Don daɗin baki na ƙara da cewa an kori mai zuba gishirin daga aiki.

Rumfa ta kaure. Aka ɗaga hannun Baba sama kamar ɗan dambe. Taubashin ya cire hula ya yi ta fifita, sai ga shi ya lallaɓo yana neman a sam masa. Kowa ya sami ɗan lakuce, aka cinye kayan duniya tas a tsaye.

Da la'asar muna wanke tebur, ni da Baba kaɗai, dariya tana ta cin mu. Ya matse tsumma, bai dube ni ba.

"Na san babu wannan ga takarda," ya ce. "Ni ma canka kawai niy yi."

Na ci gaba da goge teburin, kunya ta kama ni.

"Amma yadda kas sai da maganag ga, ashe ka iya hwawa. Ɗauko wuƙaƙen mu tahi gida."

Tun da nake, bai taɓa bari na riƙe masa wuƙaƙensa ba sai ranar.